Ƙauye a gindin Merapi

Ƙauyen da na sauka a yankin Sleman, a tsibirin Java na Indonesiya, yana gindin dutsen Merapi mai aman wuta. A 2010 ya yi aman da ya hallaka mutum sama da 300, amma tokarsa ce takin ƙasar nan. Shinkafa kore shar, ruwa na gangarowa daga wannan gona zuwa waccan, ana girbi sau biyu ko uku a shekara.

Ƙanƙantar gonakin ce ta dame ni. Mai masaukina ko rabin hekta ba shi da shi. Matan da ba su da fili sukan taya girbi, a sallame su da kason shinkafa. 'Ya'yansa kuwa duk sun tafi Jakarta aikin masana'anta, shi kaɗai ke shiga taɓo da fartanya.