Yadda Amitabh Bachchan ya ci kasuwa sau biyu

Idan ana hirar finafinan Indiya da dattawan da suka yi zamanin shiga sinima a Kano ko Kaduna, da wuya a watse ba a ambaci Amitabh Bachchan ba, kuma galibi abin da suke tunawa shi ne dogon saurayin nan mai kakkausar murya da ke tarwatsa mugaye shi kaɗai. Ni kuwa abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya faru ne bayan furfura ta fara fito masa.

An haife shi a Allahabad a 1942, mahaifinsa kuma sanannen marubucin waƙoƙin Hindi ne, Harivansh Rai Bachchan. Ya fara fitowa a fim a 1969, amma finafinansa da dama sun kwanta a kasuwa, har sai da Zanjeer ya fito a 1973, inda ya hau matsayin ɗan sanda mai zafin zuciya. Talakan Indiya na lokacin yana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, don haka jarumin da ke hararar masu iko ya fi kwanta masa a rai fiye da mai rera waƙar soyayya a cikin lambu. A 1975, shekarar da Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka saki Deewaar da Sholay. Sholay bai karɓu ba a kwanakin farko, amma daga baya sai da ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. Da ya ji mummunan rauni a ciki wajen ɗaukar fim ɗin Coolie a 1982, jama'a sun yi ta addu'a a wuraren ibada har ya tashi.

Daga nan al'amura suka fara tangal-tangal. Ya ci kujerar majalisa a Allahabad a 1984, ya ajiye ta a 1987. Kamfaninsa na ABCL, wanda ya shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, ya durƙushe da bashi mai nauyi, galibin finafinansa na wancan lokaci kuma ba su kawo kuɗi ba, domin yana ta fitowa a saurayi alhali masu kallo sun daina yarda.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya je gidan darakta Yash Chopra ya roƙi aiki. Abin da ya samu shi ne matsayin dattijon shugaban makaranta mai tsauri a Mohabbatein na shekarar 2000, tare da Shah Rukh Khan wanda a lokacin shi ke tashe. A wannan shekarar kuma ya karɓi gabatar da shirin kacici-kacici na Kaun Banega Crorepati a tashar Star Plus, a zamanin da manyan jarumai ke ganin talabijin ƙasƙanci ne. A ganina ba ƙaramin abu ba ne mutumin da ya yi sarautar masana'anta ya yarda ya koma uba da kaka, kuma ta wannan hanyar ya biya basussukansa.

Uku daga cikin kyaututtuka huɗu na gwarzon jarumi na ƙasa da ya samu sun zo ne bayan wannan dawowar. Ɗaya ta Paa ce na 2009, inda yana da shekara 67 ya fito a yaro mai cutar saurin tsufa, ɗansa Abhishek kuma ya fito a mahaifinsa.