Wa za ta faɗa wa uwar miji?

A ƙaramin asibitin da nake aiki, a wani ƙauye na ƙasar Argungu, mu huɗu ne mata ke riƙe da ɓangaren masu juna biyu da yara. Ni ce ungozoma mai takardar makaranta. Akwai jami'ar lafiya da ke awo da rigakafi, akwai wata malamar Islamiyya da ta sa kanta aikin shiga gida-gida, sai kuma Inna, ungozomar gargajiya, wadda da wuya ka sami gidan da ba ta yanke cibiya a cikinsa ba.

A makaranta an koya mana abin da za a faɗa wa mai ciki: ta zo awo da wuri, ta sha maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, ta haihu a asibiti. Abin da aiki ya ƙara mini shi ne, mai cikin nan da ke gyaɗa mini kai sau da yawa ba ita ke yanke shawara ba. Idan 'yar fari ce ta tafi goyon ciki, maganar uwarta ce ke aiki. Idan tana ɗakinta, uwar miji ce, sannan mijin da zai ba da izini da kuɗin mota. Ga kunya, wadda ke sa yarinya ta kwana tana naƙuda ba ta ko yi nishi ba. Saboda haka in muka zauna ranar awo bayan an watse, tambayar da muka fi daɗewa a kanta ita ce: wannan maganar, a bakin wa za ta shiga?

Ɗauki wankan jego. Kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma, ana fyaɗa wa mai jego da ganyen dogonyaro, ana ɗura mata kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Ni na san wannan. Amma in na tsaya cikin farin kaya na ce wa tsohuwa a daina wanka, abin da za ta ji shi ne yarinyar da aka haifa jiya tana zagin uwarta da kakarta. Inna ba ta taɓa cewa a daina ba. Takan shiga bayan ɗaki da kanta, ta tsoma gwiwar hannu cikin ruwan, ta ce: "Haba Hajiya, wagga yarinya za ku dahwa ta ne? A sirka." Sai a yi dariya, a sirka. Kanwa kuma ta ce a rage ta, a ƙara gero da gyaɗa. Wadda muka auna muka ga jininta ya hau har ya kai 140/90 ko ya wuce, ko ƙafafunta sun kumbura tana haki, Inna ke zuwa ta ce wannan kam babu kanwa sam, kuma a dawo da ita asibiti. Ban taɓa jin an musa mata ba.

Haka batun cibiya. A da, toka ake sa wa, ko man goge baki, ko a gasa da tsumma mai zafi. Da maganin chlorhexidine na shafa wa cibiya don kashe ƙwayoyin cuta ya zo, malamarmu ce ta ɗauki nauyinsa, domin ita ake kira ranar suna, ita ke zama da mata bayan karatu. Ita ce kuma ta shawo kan masu matse dakashi, wato nonon farko, su zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Ta ayar shayarwa ta shekara biyu take shigowa, kafin ta gangaro kan wata shida na nono zalla ba ruwa. A zafin watan Afrilu na Kebbi, ka ce wa uwa kada ta ba jariri ruwa, ai sai wadda aka yarda da tsoron Allahnta.

Akwai inda ba ma neman bakin kowa, sai saurin hannu. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. A littafi, jinin da ya kai mililita 500 ya zama haɗari, to amma wa ke da ma'auni a ɗakin ƙasa da tsakar dare? Muka zauna mu huɗu muka daidaita a kan zani: in ya jiƙe sharkaf aka canja, na biyu ma ya fara jiƙewa, kada a jira asuba. Allurar oxytocin, wadda ake yi don hana zubar jinin, tana son sanyi, firjinmu kuwa sai yadda hasken rana ya yi da shi, don haka ƙwayar misoprostol mai irin wannan aikin ta zama abin dogaro: guda uku, bayan jariri ya fito, an kuma tabbatar babu na biyu a ciki. Wannan sharaɗin na ƙarshe mun maimaita shi har ya zama kamar karatun allo. Jami'ar lafiyarmu ita ke riƙe da lambobin direbobin tasha da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Da damina, in fadama ta cika hanya ta yanke, lambar mai kwalekwale ta fi ta direba daraja.

Kada a ɗauka kullum lallashi ne. Yankan gishiri ba mu yi ciniki a kansa ba. Reza a gaban mace mai doguwar naƙuda ba ta buɗe hanya, sai dai tana iya huda mafitsara, a ƙare a cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, in an yi sa'a ke nan. Inna ta gaji wannan aiki daga uwarta, kuma da farko ta kare shi da ƙarfi. Abin da ya juya ta tafiya ce da ta yi rakiyar wata yarinya zuwa Gesse, ta ga mata jere a kan tabarmi, yawancinsu ba su kai shekara ashirin ba, wasu an sake su. Da ta dawo ba ta yi mana wani jawabi ba. Dokar da ta kafa wa kanta dai ita ce, rana ba za ta fito ta faɗi a kan mace tana naƙuda a hannunta ba. Yanzu ita ke yi wa sauran ungozomomin ƙauyukan kewaye faɗa, da kalmomin da ni ba zan iya furtawa ba.

Wurin da ƙungiyar mata irin tamu ta fi saurin tsagewa, a ganina, kuɗi ne da yabo. Ni da jami'ar lafiya muna da albashi, ko da ya makara. Malama sai ɗan alawus in ana zagayen rigakafi ko rabon maganin zazzaɓin damina na yara. Inna kuwa duk macen da ta kawo mana, ta yi asarar sabulu da hatsi da ɗan kuɗin da za a ba ta in a gida aka haihu. Wato muna roƙonta ta rage wa kanta abinci, sannan in baƙi sun zo daga birni duba aiki, mu masu farin kaya ake ɗauka hoto. Wannan ba adalci ba ne, kuma duk shirin da aka tsara a ofis bai kula da shi ba, ba zai daɗe ba.

Abin da muka iya yi a ƙaramin matsayinmu shi ne, in Inna ta kawo mace, tana shiga ɗakin haihuwa tare da mu. Ita ke riƙe ta, ita ke yi wa jariri wankan farko bayan kwana ɗaya, ita ke binne mabiyiya, don haka hakkinta na wajen dangi bai faɗi ba. A rajista kuma mun ƙara layi guda da biro, inda muke rubuta wadda ta rako mai naƙuda. Mun kai maganar alawus ɗinta gaban kwamitin lafiya na mazaɓa, sun ce za su duba bayan girbin shinkafa.