Teburin Palermo da tambayar da baƙo Musulmi zai yi kafin ya kai loma

Mafi yawan mutanenmu na Garwa da Marwa waɗanda fatauci ko karatu ya kai Italiya, idan sun dawo aka tambaye su abin da suka ci, amsarsu ba ta wuce shagon shawarma na Turkawa da shinkafar da suka dafa da kansu a masauki. Ban ga laifinsu ba, domin tsoron naman alade da giya tsoro ne mai tushe. Amma a ganina wanda ya je Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya, ya dawo bai zauna a gidan abincin mutanen garin ba, ya yi asarar da ba dole, saboda mafi daɗin abincinsu kifi ne da kayan lambu, kuma abin da ake gudu yana ɓoye ne a wurare ƙalilan waɗanda mutum zai iya saninsu tun kafin ya bar gida.

Musulmi daga Tunusiya ta yau sun ci Palermo a shekarar 831, kuma birnin ya zauna a hannunsu har 1072, lokacin da Normawa, mayaƙan Kirista daga arewacin Faransa, suka karɓe shi. A wannan zamani ne noman rake da lemu ya kafu a tsibirin, tare da hanyoyin ban ruwa na ƙarƙashin ƙasa da har yau ake kai masu yawon buɗe ido su gani. Ko bayan da mulki ya sauya, sarki Roger na Biyu ya riƙe malaman Larabawa a fadarsa, kuma ɗaya daga cikinsu, al-Idrisi, ya ambata a littafinsa na 1154 cewa a garin Trabia, gabas da Palermo, ana yin taliya mai yawa ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan tarihi bai tsaya a gine-ginen da UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihi na duniya a 2015 ba. Yana cikin tukunya, domin kuwa mutanen Palermo suna haɗa zaƙi da gishiri da tsami a kwano ɗaya ta hanyar da ba a cika gani a Milan ko Turin ba.

Abincin da ya fi nuna haka shi ne pasta con le sarde. Taliya ce da ake haɗawa da ɗanyen kifin sadin, ba na gwangwani ba, da wani ganye mai ƙamshi da ke fitowa a daji, da zabibi, da 'ya'yan itacen pino, da za'afaran, sannan a barbaɗa soyayyen garin burodi a kai. Wanda ya saba da miyar da ke da yaji zai ji baƙunta a lomar farko, saboda zaƙin zabibi a kan kifi abu ne da harshenmu bai saba da shi ba, amma kafin kwanon ya kai rabi zai gane dalilin da ya sa mutanen garin suke alfahari da shi. Haka ma sarde a beccafico, wato sadin da aka cire wa ƙaya, aka cusa masa garin burodi da zabibi, aka naɗe, aka jera da ganyen lore da yankan lemu a tsakani kafin a gasa. Akwai kuma caponata, baƙin yalo da aka soya da man zaitun aka haɗa da tumatir da albasa da seleri da 'ya'yan zaitun, ana ci da sanyi kafin babban abinci. Ni dai da caponata mai kyau da burodi da gasasshen kifi, ba na neman ƙari.

Inda ake bukatar hattara shi ne abincin titi, wanda shi ne sunan Palermo ya fi fita da shi. Kasuwannin Ballarò da Capo da Vucciria cike suke da masu suya, kuma ƙamshin kan ja mutum tun daga nesa. Panelle ba shi da matsala a mafi yawan wurare: garin wani irin wake ne, wanda Larabawa ke kira hummus, ake damawa, a bar shi ya daskare, a yanka fale-fale a soya a mai, a sa cikin burodi a matsa lemun tsami. Ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai ya fi shi faɗi da laushi. Amma pani ca meusa, burodin da ake cika wa saifa da huhun maraƙi, wanda gidan Antica Focacceria San Francesco da aka buɗe a 1834 ya shahara da shi, a cikin kitsen alade ake soya shi. Mutum zai ji an ce naman saniya ne ya saki jiki, alhali kitsen da ke tafasa a kaskon shi ne abin tambaya. Sunan wannan kitse strutto, kuma yana shiga inda ba a zata ba: ɓawon cannoli na gargajiya, wani kayan zaƙi da ake cika wa cuku mai laushi, wanda galibi har giyar Marsala ake ɗigawa a kwaɓinsa, da wasu nau'o'in burodi mai laushi, da kwaɓin sfincione, burodi mai kauri da ake gasawa da tumatir da albasa a kai, a wasu gidaje. Arancina, dunƙulen shinkafar da ake soyawa, tana da iri biyu da suka fi yawa, kuma dukkansu akwai magana: mai nama sau da yawa haɗin saniya da alade ne, wadda ake kira al burro kuwa, duk da sunanta yana nuni da man shanu, akwai yankakken naman alade a cikinta. Ana samun mai alayyafo da mai baƙin yalo, su ma sai an tambaya.

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, kuma sau da yawa za a ga lambobinsu a gefen sunan abinci. Alade ba ya cikin wannan jeri, saboda haka takardar ba za ta faɗa wa Musulmi abin da yake nema ba, sai ya buɗe baki. Kalmomi uku sun wadatar: maiale shi ne alade, strutto kitsensa, vino kuma giya, wadda ake yawan zubawa a miyar kayan teku da ta shinkafa. Wanda ya yi makarantar Faransanci, kamar akasarinmu a Kamaru da Cadi, zai karanta rabin takardar abincin ba tare da tafinta ba. Masu hidima a Palermo ba sa ɗaukar tambayar a matsayin raini. Sun saba da 'yan Tunusiya da 'yan Bangladash da 'yan Gambiya da ke zaune a unguwannin tsohon gari, kuma na ga mai hidima ya koma madafa ya tambayo mai dafuwa maimakon ya amsa da ka. Batun yanka kuwa daban ne. Akwai mahautan halal a kewayen Ballarò, amma gidan abinci na gargajiya ba daga wurinsu yake sayen nama ba, shi ya sa ni na tsaya ga kifi, kowa kuma ya san abin da malaminsa ya karantar da shi.

Wani ɗan garinmu da ya daɗe a can, wanda nake kira Yaya saboda ya girme ni, shi ya hana ni zama a gidajen da ke kan titin Maqueda kusa da mahaɗar Quattro Canti, inda ake tsayar da yaro a ƙofa yana kiran masu wucewa da hotunan abinci a hannu. Ya ce, “Ƙanena, gidan da mutanen unguwa ke ci ba ya bukatar mai kira.” Ƙananan gidajen da ake kira trattoria, a lungunan unguwar Kalsa da bayan kasuwanni, sun fi araha kuma sun fi kula da tukunya. Wanda ke son kifi sosai sai ya fita zuwa Sferracavallo, ƙauyen masunta a gefen birnin, inda gidaje da yawa ke da farashi ɗaya, su yi ta kawo kayan teku kwano bayan kwano har mutum ya ce ya isa. Ɗan bakin Binuwai da ya tashi da giwan ruwa da karfasa zai ga halittun da bai taɓa tunanin ana ci ba, kuma ba dole ne ya ci duka ba.

Lokaci ma abin lura ne. Abincin rana yana farawa wajen ƙarfe ɗaya, madafa ta rufe wajen ƙarfe uku, kuma ba a sake buɗewa sai bakwai da rabi ko takwas na dare. Wanda ya ji yunwa bayan La'asar sai dai ya nemi abincin titi. Takardar abinci tana zuwa a jere, daga abin buɗe baki zuwa taliya, sai kifi ko nama, sai kayan lambu da ake biya daban, sai kayan zaƙi, amma babu wanda zai tilasta wa baƙo ya bi jerin duka. Kwano biyu sun ishi mai matsakaicin ci.

A wajen biya akwai abubuwa biyu da ke ba baƙo mamaki. Na farko shi ne coperto, kuɗin zama da burodi da ake ɗora wa kowane kai, yawanci Yuro 2 ko 3, wanda doka ta yarda da shi muddin an rubuta shi a takardar abinci. Na biyu shi ne kifin da ake sayarwa da awo: idan an rubuta all'etto a gefen farashi, kuɗin giram 100 ne, ba na kifin gaba ɗaya ba, kuma tunda Yuro ɗaya ya kusa sefa 656, kifi mai nauyin kilo yana iya cinye kuɗin cefanen mako a gida. Daidai ne mutum ya ce a auna a faɗa masa kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ruwan sha ma na kwalba ne, ana tambaya ko mai iska ko maras iska, kuma yana cikin lissafi. Mai hidima ba zai kawo takardar kuɗi ba sai an nema, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne, saboda haka wanda ke sauri ya ɗaga hannu ya ce il conto, ko kuma ya tashi ya je wurin mai karɓar kuɗi da kansa.