Shekara uku ina tsare tukunyar wata dattijuwa Bayahudiya daga alkama

Ranar da na fara aikin kula da Mama a unguwar Golders Green da ke arewacin Landan, 'yarta ta zaunar da ni a kicin ta shaida mini abu biyu: gidan yana bin dokokin abincin Yahudawa da ake kira kosha, kuma mahaifiyarta tana da cutar siliyak. Mama nake kiranta tun daga ranar, domin ta haura tamanin, bakina kuwa ba zai iya kama sunan sa'ar kakata ba. Dokokin kosha na haddace su cikin 'yan makonni. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne gane inda dokokin suke karo da cutar.

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi ƙaramin hanji duk lokacin da mutum ya ci gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullin fulawa danƙo, wanda ake samu a alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rayi. Idan bangon hanjin ya lalace, abinci sai ya wuce ba tare da jiki ya amfana ba. Kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da ita, kuma maganinta ɗaya ne, barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Mama ta shafe shekaru ana ba ta maganin ƙarin jini, ciki yana kumbura, kafin a gwada jininta, a ɗauki ɗan tsokar hanjinta a tabbatar, lokacin ta riga ta wuce sittin.

Kicin ɗin dama a rabe yake, tukwanen nama a gefe guda, na madara a gefe guda, kowanne da cokulansa da soson wanke-wankensa. Cutar ta ƙara rabo na uku a kan wannan. Mama tana da nata injin gasa burodi, da nata katakon yanka, da nata kwalbar man shanu da babu mai tsoma wuƙa a ciki, saboda dokar Birtaniya ba ta yarda a ce abinci ba shi da gulutin sai idan bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, ɓarɓashin burodi guda kuwa ya isa ya ƙetare wannan iyaka. Tunda ni ba Bayahudiya ba ce, ita take kunna murhu da hannunta kowace safiya kafin in ɗora tukunya, kamar yadda al'adarsu ta tanada.

Kuskurena na farko ya faru a wata na biyu, kuma laifina ne ni kaɗai. Na sayo ƙwallon kifin nan da suke kira gefilte, na duba na ga tambarin kosha a jikin kwalbar, na ɗauka magana ta ƙare. Ban san cewa da garin matsa ake ɗaure kifin ba, matsa kuwa gurasar alkama ce marar yisti. Kwana uku Mama tana fama da gudawa da ciwon ciki. Da ta samu sauƙi ba ta yi mini faɗa ba, sai ta ce, “'Yata, wannan tambari malamai yake gamsarwa, hanjina bai san shi ba.” Ya kamata in gane tun farko, domin mu ma tambarin halal ba ya gaya wa mai ciwon sukari abin da zai ci. Daga ranar nake karanta jerin kayan haɗi layi-layi, ina neman alamar zangarniyar da aka soke, wadda ƙungiyar masu cutar siliyak ta Birtaniya, Coeliac UK, ke ba da izinin bugawa.

Inda abin ya fi yi mata ciwo shi ne daren Asabar, wanda a wurinsu yake farawa da faɗuwar ranar Juma'a. Ana ajiye burodi biyu masu kitso da ake kira hala, a wanke hannu, a karanta addu'ar hamotsi, sannan a gutsura a raba wa kowa. Wannan addu'a ba ta hawa kan kowane burodi, sai wanda aka yi da ɗaya daga cikin hatsi biyar: alkama, sha'ir, rayi, wata 'yar'uwar alkama mai suna sifelt, da wani hatsin Turai mai suna ot. Huɗu daga ciki guba ne ga Mama. Na taɓa gasa mata burodin garin shinkafa da rogo, ya yi laushi har ina alfahari, ta ci ta yaba, amma ba ta karanta addu'ar ba, domin a shari'arsu wannan ba burodi ba ne. Ot kaɗai ya rage, shi ma sai wanda aka noma aka niƙa nesa da alkama. Ƙullinsa ba ya kitsuwa, don haka a cikin gwangwani mai siffar kitso muke zuba shi, kuma sai da na ɓata fiye da goma kafin in samu wanda bai farfashe a hannu ba.

Abincin ranar Asabar, wato colent da ke kwana a kan wuta da nama da wake da dankali, sha'ir ake zuba masa. Nan girkin gida ya yi mini rana, na maye sha'ir da gero, wani lokaci da shinkafa, jikokinta suka cinye ba su lura ba. A majami'a kuwa, inda ake baje kek da biskit bayan ibada, kullum sai an samu mai kyakkyawar niyya da zai ce ɗan kaɗan ba ya komai. Mama takan riƙe kofin ruwan inabinta da hannu biyu don kada a miƙa mata faranti.

Da Idin Ƙetarewa na farko da na yi a gidan ya matso, wanda suke kira Fesak, na ji an ce kwana takwas ba a cin burodi, sai na yi murna, na sayo gero da shinkafa da yawa. 'Yar Mama ta duba ledar ta yi murmushi, ta ce in kai su ɗakina. Ashe Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne ba sa cin shinkafa da gero da masara da wake a kwanakin idin, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga ƙasashen Larabawa suna cin shinkafa. Duk da haka idin yana da alherinsa, saboda wasu masu tsauri ba sa yarda matsa ko garinta su taɓa ruwa bayan an gasa ta, kamfanoni kuma suna yi musu kek da taliya da garin dankalin Turawa zalla. Ba duka ne aka gwada wa gulutin ba, sai an duba, amma waɗanda suka tsallake mukan cika firiza da su don sauran shekara.

Matsar kanta wajibi ce a daren idi, kuma dole a gasa ta cikin minti 18 daga zuba ruwa a gari. Wani malami a Landan, Ephraim Kestenbaum, shi ya fara yin matsar ot marar gulutin a shekarun 1980 saboda 'yarsa mai wannan cuta. Tana da tsada, tana da ɗaci, kuma tun makonni kafin idi muke sa a ajiye mana kwali. Malamin majami'arsu ya gaya wa Mama cewa tsare rai yana gaban wannan wajibi, ta ci mafi ƙarancin abin da shari'a ta nema, idan kuma ot ɗin ya dame ta ta bari. Ba ta taɓa bari ba. A idin bara na tsaya a bakin ƙofar kicin ina kallo, an ajiye nata kwalin a can ƙarshen tebur an rufe da adiko don kada ɓarɓashin matsar jama'a ya faɗa ciki. Ta jingina ta hagu kamar kowa, ta karanta addu'a, ta tauna tana yamutsa fuska, sannan ta ɗaga mini hannu in kawo ruwa.