Idan yanar ido ta haɗu da hakiya a ido ɗaya

Duk sanda aka zo aikin ido kyauta a wajenmu nan ƙasar Ringim sai ka ji ana cewa wane an yi mai ya dawo har zare yake zurawa a allura, wane kuma har yanzu dishi-dishi yake gani, wai likitan ne bai iya ba. Ba kullum ba wallahi. Da yawa cikin tsofaffinmu cuta biyu ce a idon, yana tana ciki, hakiya kuma tana gaba a kan koniya, fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, to ko an cire yanar an sa lens ɗin roba dole haske ya ratsa hakiyar kafin ya shiga.

Hakiyar nan mun san inda take fitowa, amodari da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar, ƙyanda tun yarinta, ganyen dawa ya tsone mutum lokacin girbi sai a matsa mai ganye maimakon a je asibiti.

In gashin ido ne ya juya, fatar idon ake fara gyarawa tukuna. In tabon yana gefe ko bai yi kauri ba, yanar kawai ake cirewa kuma mutum ya samu gani mai amfani. In ya toshe tsakiya sai dashen koniya, wanda ba sabon abu ba ne fa, tun 1905 wani likita Eduard Zirm ya yi shi aka dace. Ana iya haɗa uku a zama ɗaya, a cire yana, a sa lens, a dasa koniya, tiyata ɗaya kuɗin mota ɗaya, sai dai auna ƙarfin lens ɗin yana wahala tunda siffar koniyar za ta canza bayan ɗinki, shi ya sa wasu likitocin suka fi son a raba, a yi dashen ya warke sannan a koma kan yanar. In kuma shimfiɗar cikin koniyar ce kawai ta lalace ita kaɗai ake canzawa, ya fi saurin warkewa.

Matsalar dai koniya daga mamaci ake samo ta, mu kuma ba ma bayarwa, akwai ma'ajiyarta a Legas amma masu jira sun fi abin yawa. Ni a ganina wanda ba zai iya zirga-zirgar komawa asibiti ba gara ya tsaya a kan cire yanar in likita ya ce za ta yi, don in an yi dashe zaren ɗinki kan kai shekara a ido, ga maganin ɗigawa kullum, kuma in idon ya yi ja ko gani ya ragu ranar ake komawa, jiki na iya ƙin dashen. Kafin ku kai Baba asibitin ido na ECWA a Kano ko cibiyar ido ta Kaduna ku shirya tambaya ɗaya, likita, ya koniyar tasa take?