Na je Alƙahira na ga gawarwakin Fir'aunoni

Jinyar mahaifiyata ce ta kai ni Alƙahira a 2023. Da Allah ya ba ta sauƙi, likita ya ce a ɗan dakata kafin a hau jirgi. Nan ne ɗan yayata da ke karatu a Azhar ya ce da ni, "Kawu, ai bai kamata ka bar garin nan ba ka ga Fir'auna ba." Dama abin na raina tun ina yaro, tun lokacin da malaminmu na allo ke ba mu ƙissar Annabi Musa (AS).

Shi ya faɗa mini cewa gidajen tarihin biyu za mu shiga. Gawarwakin sarakunan sun bar tsohon gidan da ke dandalin Tahrir tun watan Afrilun 2021, lokacin da aka kwashi guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka yi musu rakiya da faretin sojoji zuwa sabon gida a unguwar Fusɗaɗ. Baƙi da yawa suna zuwa Tahrir su sha yawo suna neman gawa, su fita ba su gani ba.

Da Tahrir ɗin muka fara. Gini ne ja-ja mai hawa biyu, an buɗe shi tun 1902, kuma a cike yake maƙil. Kayan da ke ciki sun haura dubu ɗari, don haka duk wanda ya ce sai ya ga komai, ƙafarsa za ta gaji bai riƙe komai a kansa ba. Mun zaɓi kaɗan muka tsaya musu sosai, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan.

Akwai wani mutum-mutumin itace na wani dattijo mai ɗan tumbi, riƙe da sanda, sunansa Ka'aper. Ya kai shekara dubu huɗu da ɗari biyar. An yi masa idanu da dutse mai sheƙi, ka rantse kallonka yake yi. Leburorin da suka tono shi a Saƙƙara sun ga ya yi kama da dagacinsu, sai suka laƙaba masa Shaihul Balad, har yau kuma da wannan sunan aka fi saninsa.

Amma inda na fi daɗewa shi ne gaban kayan kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, wanda ya rayu kimanin shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sassaƙa masa ƙananan mutane na itace suna aikinsu na yau da kullum. Ga makiyaya suna kora shanu ta gabansa, shi yana zaune a rumfa, magatakarda na ƙidaya suna rubutawa. Ga mata suna kaɗi da saƙa. Ga kafintoci da zarto da gizago. Sai na ji kamar ina kallon ranar kasuwa a ƙauyenmu. Mu dai in an ce Masar ta dā, Fir'auna da girman kansa kaɗai muke tunawa. A nan na ga talakawan da suka yi noman, suka yi saƙar, suka ɗauki duwatsun. A akwatunan gilashi ga tandun kwallinsu, ga matajin kai, ga kwanduna da takalman kaba, wasu ko lalacewa ba su yi ba saboda bushewar ƙasar.

A bene muka ga kayan Tutankamun, yaron sarkin da ya mutu bai cika shekara ashirin ba. Wani Bature ɗan Ingila, Howard Carter, shi ya gano kabarinsa a 1922, ɓarayi ba su wawashe shi ba kamar na sauran. Fuskar zinaren da aka rufe gawarsa da ita ta ɗara kilo goma. Kyau kam ba a magana. Sai dai cunkoso ya yi yawa a ɗakin, masu gadi na ta cewa a matsa gaba.

Washegari muka nufi Fusɗaɗ, can wajen masallacin Amru ɗan Asi. Zauren gawarwakin a ƙarƙashin ƙasa yake, bangonsa baƙi, haske kaɗan, an hana ɗaukar hoto. Kowane sarki na kwance cikin gilashinsa, an lulluɓe jikinsa, fuska a buɗe. Na ga Seƙenenre, wanda har yau saran gatarin yaƙi yake a goshinsa. Na ga Hatshebsut, macen da ta mulki ƙasar. Da na iso kan Ramsis na biyu sai jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya yi shekara 66 yana mulki, wanda gumakansa suka cika ƙasar, ga shi ƙanjamamme, hanci a lanƙwashe, ɗan gashin kansa da sauran jan lalle. Ɗan yayata ya karanta ayar nan ta Suratu Yunus a hankali, inda Allah ya ce zai tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya.

A nan akwai abin da nake so 'yan uwana su gane, don yana damuna. Babu allon da aka rubuta cewa wannan shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Masana wasu sun karkata ga Ramsis na biyu, wasu ga ɗansa Marnabta, wanda shi ma yana kwance a zauren. Bidiyoyin da ake turawa a WhatsApp, ana cewa a bakin teku aka tsinci gawar ba a sa mata magani ba, ba haka abin yake ba. A kaburburan duwatsu na yankin Luksor aka same su, na Ramsis a 1881, na Marnabta a 1898, kuma duka an yi musu aikin adana gawa: a cire kayan ciki, a busar da jiki da gishiri dangin kanwa, a naɗe da ƙyallen lilin, aikin kwana saba'in. Ayar Allah gaskiya ce, ba ta buƙatar mu ƙara mata labarin da ba shi da tushe.

Wanda zai je yanzu ya sani cewa kayan Tutankamun, fiye da dubu biyar, sun koma katafaren gidan tarihin da aka buɗe kusa da dalar Giza a watan Nuwamban 2025. Gawarwakin suna nan a Fusɗaɗ. Ya fita da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ya sa takalmi mara takura, ya kuma nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Azhar ya raka shi, domin bayanan da ke jikin kayan da Larabci da Turanci aka rubuta su.