Akuyar Inna a ajin Zoom

Jiya a ajinmu na Zoom na manta ban kashe makirufo ba. Malama na tsaka da bayani sai ga muryar Inna daga tsakar gida: "Ke, fito ki kore akuyar nan, ta shiga shanyar gero!" Kowa ya ji. Wallahi kamar in nutse don kunya.

Da dare kuma na tura aikin gida, hotuna birjik har suka wuce 25MB, Gmail ya mayar da su Google Drive. Ashe ban ba Malama izinin buɗewa ba. Wata 'yar ajinmu, Allah ya saka mata, ta kira ni ta koya min haɗa su PDF ɗaya, in sa sunana a kai. Inna dai har yanzu ba ta san an ji ta ba.